Segomotso ta Bene na Uku

A ƙauyenmu ba mai kiran ta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Mma-Pula kowa yake ce mata, saboda 'yarta tilo, Motlalepula, wadda muka gajarta wa suna muke ce mata Pula. Ni kuwa Rakgadi nake ce mata, don yayar babana ce, kuma a hannunta na tashi tun ina 'yar firamare, lokacin da mahaifiyata ta tafi neman aiki Johannesburg. Sunanta Segomotso. Sai da na yi wayo na gane cewa akwai inda da wannan sunan aka san ta, kuma wurin yana nan bayan duwatsun da muke hangowa daga ƙofar gida.

Mu dai Kwari muke ce wa wurin. Otal uku ne kewaye da tafkin da aka haƙa da hannu, sai filin wasanni mai lilo da majaujawa da ƙaramin jirgin ƙasa da ke ɗaukar yara yana huci. Da wuya ka sami gida a ƙauyenmu da ba shi da wani a can, ko a ɗakin girki, ko a wajen wanki, ko a bakin ƙofa. Rakgadi ta shiga tun otal ɗaya ne kawai, wanda yanzu ake ce wa Tsohon Otal, ba ta daɗe da yaye Pula ba. Aka ba ta bene na uku, gyaran ɗakuna. A benen nan ta yi shekara talatin da wani abu, ba ta taɓa neman a canza mata ba.

Gajera ce, mai ƙarfin dantse, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Ba ta da yawan magana. Hannunta kullum ƙanshin sabulu yake, fatar ta bushe ta yi fari a tsakanin yatsu. Abin da ke ba mu dariya muna yara shi ne, gadonta na gida shi ne mafi hargitsi a duk gadajen da na sani. In Pula ta yi mata magana sai ta ce, "Na gyara na mutane. Nawa ya yi haƙuri."

Mijinta, Rra-Pula, a ramin haƙar ma'adinai yake aiki can wajen Rustenburg, sai ƙarshen wata yake leƙo gida. Saboda haka a gidan mahaifiyarsa muke zaune, Koko Mmaditsela, tsohuwa mai tsabta da son coci da harshe mai kaifi. Ba ta zagi. Magana take yi a hankali tana murmushi, sai ka kwanta kafin ka ji inda ta yanke ka.

Kirsimeti a gidan Koko ba ƙaramin al'amari ba ne. Dangi suna sauka daga birane da motocinsu, a yanka tumaki, a girka manyan tukwanen ƙarfe masu ƙafa uku a tsakar gida. Tuwon dawa mai tsami, dakakken nama, kabewa, ruwan citta a cikin bokitai. Matan gidan tun asuba suke kan ƙafa, zafin rana daga sama, zafin wuta daga ƙasa. A daidai lokacin nan kuwa Kwari yake cika ya batse, kowane ɗaki da mutum. Don haka ban taɓa ganin Rakgadi a gida ranar Kirsimeti ba. Da sassafe take ɗaukar jakarta ta fita bakin titi, motar ma'aikata ta kwashe ta.

Koko kan jira sai an zauna cin abinci, sannan ta dubi Pula ta ce, "Ina uwarki ne? Af, na manta. Tana can tana kakkaɓe wa baƙi gado. Ci abincinki, 'yar nan, mu ne naki."

Shekarar da muke aji biyar aka zaɓi Pula ta fito a mala'ika a wasan da yara ke yi a coci. Aka yi mata fikafikai da kwali da auduga. Rakgadi ta ce za ta yi ƙoƙari ta zo. Pula ta hau gaban jama'a ta faɗi nata da babbar murya, ba ta yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba, amma idonta yana kan ƙofa daga farko har ƙarshe. Da muka koma gida ta cire fikafikan ta cusa a ƙarƙashin tukunyar nama. Da yamma Rakgadi ta dawo da 'yan cakulan irin waɗanda ake ɗora wa baƙi a kan matashin kai. Pula ta karɓa da hannu biyu, ta ce ta gode, ta juya ta miƙo mini. Daga wannan shekarar ni nake cin ribar fushinta.

Ita da uwarta ba su taɓa yin faɗa ba. Da sun yi, da wataƙila ya fi. Pula ta girma ta yi karatun jinya, ta zama sista a wani asibiti a Pretoria, ta yi aure, ta haifi ɗa, auren ya mutu, ta riƙe ɗanta. Duk abin da ake so 'ya ta yi wa uwa tana yi. Magani, takalman da ba sa matse ƙafa, bargon sanyi. Sai dai in suka zauna su biyu, hirar ba ta wuce ta ruwan sama da ta wanda ya rasu. Ni kuma na zama malamar makaranta, na tsaya a ƙauyen, ina ganin su duka biyun.

Koko ta rasu. Rra-Pula ya bar rami da tari a ƙirji da gwiwa mai ciwo. Rakgadi ma ta ajiye aiki, aka ba ta agogon bango da takardar yabo. Sun sami 'yan shekaru masu daɗi, su biyu, da kajinsu da ɗan lambun alayyafo. Ashe mutumin nan mai barkwanci ne, rami ne ya ɓoye mana shi.

Daga nan gigin tsufa ya fara taɓa ta. Da farko gishiri take zubawa sau biyu a miya. Sai ta koma tambayar ina Koko ta shiga. Wata rana ta dube ni ta ce, "'Yar wa ce ke?" tana murmushi irin na ladabi da ake yi wa baƙo. Kafin shekara ta zagayo ta daina gane Pula. Mijinta kaɗai ta riƙe, shi ma ba kullum ba. Abu ɗaya ne bai canza ba: da gari ya waye za ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki jaka ta zauna a baranda tana kallon titi. In an ce ta shigo ta karya, sai ta ce motar za ta wuce ta bar ta.

A Disambar da zan ba da labarinta, Pula ta sami hutu ta zo gida. Ɗanta ya tafi wurin ubansa. Muna zaune a ɗakin girki muna gyaran wake, Rra-Pula ya shigo yana dogara sanda, ya ja kujera.

"Na ce ba," in ji shi, "ko za mu kai ta Kwari ta ga adon otal-otal ɗin nan? Kowa yana zuwa. Ba sai ka kama ɗaki ba, ka shiga wannan ka fita, ka shiga wancan. Har matar fasto ta je, ta dawo tana ba da labarin wani gida da aka gina da biskit."

Pula ba ta ɗago kai ba. "Papa, wurin da ya tsotse ta ya sako mana ita da ciwon baya, shi ne za mu yi wa ado mu je kallo?"

"Ba wurin za mu kalla ba."

"Taron jama'a yana ruɗa masu irin ciwonta. Aikina ne, na sani."

"Na san kin sani." Ya yi tari, ya nuna baranda da haɓa. "Kullum tana jiran mota. Na ce bari dai sau ɗaya motar ta zo."

Ni da Pula 'yar mace da 'yar namiji ne, wasa halal ne tsakaninmu, ntsala muke kiran juna. Sai na ce, "Rabu da ita, Rra. Tsoro take ji kada a ce ta hau majaujawa, girman sista ya zube a gaban jama'a."

"Ke kuma ntsala, faɗi gaskiya, hoto kike so a ɗauke ki a cinyar mai jar rigar nan da ke raba wa yara kyautar Kirsimeti. Ki tausaya wa bawan Allah, shi ma yana da iyali."

Rra-Pula ya yi dariya har tarin ya taso masa. Ta haka aka amince, ba tare da kowa ya ce ya amince ba.

Muka tafi ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, a motar Pula. Da Rra-Pula ya fita baranda ya ce, "Tashi, Mma, ga mota ta zo," zumbur ta miƙe, ta ce masa ai yau ta makara.

A bakin ƙofar Kwari layin motoci ya kai har kwana. Muka ajiye tamu, muka hau motar da ke zagaya otal-otal ɗin. Ta cika da mutane masu gajerun wanduna da hulunan rana, yara sun shafe fuska da farin mai, kowa yana magana da yarensa. Muka fara da otal ɗin bakin tafki. A tsakiyar zauren sun kafa bishiyar Kirsimeti da ta kusa taɓa rufi, ga gidan biskit ɗin matar fasto an kewaye shi da igiya, har da tagogin alewa. A ƙofar waje wani inji yana feso kumfar sabulu a matsayin ƙanƙara, yara suna tsalle a ciki ƙafa ba takalmi, rana tana dukan su. Mai jar riga da farin gemun auduga yana zaune a kan kujerarsa, gumi ya jiƙa masa wuya, an kafa masa fanka a gefe. Rra-Pula ya leƙa fuskarsa da kyau ya ce, "Wannan ai ɗan gidan Ntsimane ne. Sannu da ƙanƙara, ɗana." Mutumin ya ɗaga masa hannu, ya kasa dariya saboda gemun.

Rakgadi ba ta kalli ko ɗaya ba. Ta ƙanƙame jakarta a ƙirji, tana bin mijinta a baya kamar yarinyar da aka kai kasuwa. A otal na biyu, mai dogayen ginshiƙai da maɓuɓɓugar ruwa, inda aka rataya taurarin azurfa daga sama har ƙasa, sai 'yan waƙa suka tashi da murya, ta toshe kunne ɗaya.

"Na faɗa muku," Pula ta ce a hankali. "Mu tafi gida."

"Saura ɗaya," in ji Rra-Pula. "A kan hanyarmu yake."

Tsohon Otal ba shi da ƙyale-ƙyalen sauran. Rufinsa gajere ne, bishiyarsa madaidaiciya, an dai canza kafet da kujeru. Muna sa ƙafa a zauren na ga Rakgadi ta tsaya cak. Ta ja numfashi ta hanci. Ta sauke jakar daga ƙirji ta rataya a kafaɗa, bayanta ya miƙe. Wani matashin kujera ya karkace a kusa da ita, ta gyara shi da hannu ɗaya ba ta ko duba ba.

Gwiwar Rra-Pula ta gaji, muka zaunar da su biyun a doguwar kujera. Na tafi neman ruwa, Pula ta matsa gefe ta amsa wayar asibiti. Da na dawo, shi kaɗai na tarar, yana gyangyaɗi.

Ban taɓa ganin Pula a ruɗe ba sai ran nan. Ta fita wajen wurin iyo ta dawo, ta leƙa bayin mata, ta kama wani mai gadi tana kwatanta masa ɗankwali da tsawo. Tafkin take tunani, ni ma shi nake tunani. Rra-Pula ya murje ido ya dube mu.

"Ku hau bene na uku," ya ce. "Ina kuma za ta je?"

Ba mu jira lifta ba. A bayan wata ƙofa da aka rubuta ta ma'aikata ce muka sami matattakala, muka hau da gudu. A can ƙarshen barandar benen akwai keken da ake tura tawul da zannuwa, an jingine shi kusa da wani ɗaki a buɗe. Jakar Rakgadi tana rataye a jikin keken.

Tana ciki, ta yaye gadon tas, ta tara tsofaffin zannuwa a gefe. Mai ɗakin, wata Ba'indiya mai furfura a goshi, tana zaune a kujerar bakin taga da littafi a cinya. Daga baya ta ce mana daga Durban suka zo, maigidanta da jikoki sun tafi wajen lilo. Mai gyaran ɗakin ta je ƙaro tawul ta bar ƙofa a buɗe, sai ga wannan tsohuwa ta ƙwanƙwasa ta gaishe ta, ta kama aiki. Pula ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, matar ta ɗora yatsa a leɓe.

"Ku bar ta ta gama," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tawa mahaifiyar ma haka ta yi. Ita nata aikin ɗinki ne."

Rakgadi ta warware sabon zani, ta kaɗa shi sau ɗaya ya buɗe a iska. Sai ta hango Pula a bakin ƙofa.

"Ke, kama can. Ba ki ga ni kaɗai ce ba?"

Pula ta dube ni. Sannan ta ajiye waya da makullin mota a kan tebur, ta zagaya ɗaya gefen gadon ta kama bakin zanin.

"Sabuwa ce ke?"

"E, Mma."

"Wace Mma? Nan ba gida ba ne. Segomotso. Ja da kyau, zanin ba zai yi kuka ba."

Pula ta ja. Ita ma ai ta gyara gadajen asibiti ba iyaka, hannunta ya san aikin. Suka naɗe kusurwa a tare, suka cusa. Rakgadi ta duba gefen Pula ta gyaɗa kai.

"Ba laifi. Wa ya koya miki?"

"A wani wuri na koya."

"Kina da yara?"

"Ɗaya. Namiji."

"Ni ma ɗaya, mace. Kai gare ta kamar me. Taurin kai kuma, sai ka ce jakin gidan Kgosi, sarkin ƙauyenmu." Ta yi 'yar dariya tana zura matashi a riga. "Yau tana wasa a coci. Ita ce mala'ika."

Na ga hannun Pula ya tsaya a kan bargo.

"To me ya hana ki zuwa?" Pula ta tambaya. Muryarta ba ta canza ba. "Hana ki hutu suka yi?"

Rakgadi ta waiga ƙofa, ta waiga matar da ke bakin taga, sannan ta sunkuyo ta rage murya.

"Sun ba ni. Ni na ce a ba wata."

"Don me?"

"Kin yi aure, ko? To ai kin sani. Kirsimeti a gidan miji, tun duhu kina gaban tukunya, hayaƙi a ido. Ki dafa wa mutanen da ba wanda zai dube ki. Tsohuwa tana zaune a inuwa tana jiran ki yi kuskure. In nama ya yi daɗi, hannun 'ya'yanta ne. In ya kama, naki ne." Ta shafa bargon da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. "A nan kuwa, in na shigo ɗaki, nawa ne har in fita. In gyara shi, ya zauna yadda na bar shi. Wani ma ya ce mini, an gode, Segomotso."

"Yarinyar fa?"

Rakgadi ta ɗauki matashi ta daddaka shi, ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Za ta ji haushina," ta ce. "Na so in je cocin kawai in dawo. Amma gidan nan, in kin shiga ba fita. Da na taka ƙofa za a miƙo mini ludayi." Ta jera matashin a mazauninsa. "Za ta girma. Karatu za ta yi, ba za ta tsuguna gaban tukunyar kowa ba. Kar ki faɗa wa kowa abin da na gaya miki."

"Ba zan faɗa ba."

Suka ƙarasa gadon. Mai gyaran ɗakin ta dawo da tawul a hannu, ta yi turus a bakin ƙofa. Na ja ta gefe na yi mata bayani, ta ce ba komai, ta ma rage mata aiki. Rakgadi ta tsaya a ƙafar gado ta ƙare masa kallo, ta juya ta ɗan russuna.

"A huta lafiya, Madam."

"An gode, Segomotso," in ji matar.

Da ta kama keken za ta tura ɗaki na gaba, Pula ta dafa hannunta ta ce, "An tashi, Segomotso. Mota tana jira." Ta saki ba gardama, ta ɗauki jakarta.

Kafin mu fita daga Kwari hadari ya haɗu a kan duwatsu, muna hawa titi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Rakgadi ta yi barci a kafaɗata a kujerar baya. Pula tana tuƙi a hankali. Da muka wuce gidan mai sai ta yi wa ubanta magana.

"Papa, ka san ita take neman a sa ta aiki ranar Kirsimeti?"

Rra-Pula yana kallon ruwan da ke bin gilashi. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kina ƙarama."

"Ba ka ce komai ba?"

"Wa zan ce wa? Uwata?" Ya shafa gwiwarsa. "Kwana biyu nake yi a gida in koma rami. Na ce bari in same su lafiya in bar su lafiya. Lafiyar tawa nake nufi, yanzu na gane."

"Ta sami mafakarta, ka sami taka," in ji Pula. "Ni ba wanda ya tambaye ni."

"Ba wanda ya tambaye ki," ya ce.

Na tsaya ina tunanin ranakun nan da na zauna kusa da Pula a tabarmar Koko ina cin nama, ina jin abin da ake faɗa a kan Rakgadi, ban taɓa tambayar kaina ko tana son zuwa aikin ba. A wurina dole ce ta kai ta, kamar yadda dole take kai kowa Kwari. Na saba jin tausayinta. Ban san inda zan ajiye labarin cewa a benen nan tana jin daɗi ba, kuma daɗin nan a kan wata yarinya aka ci shi. Har yau in na auna, ba na iya cewa ga mai laifi ɗaya in huta.

Na ɗauka Pula za ta ja baya bayan wannan. Sai ga shi ta fara zuwa kusan kowane ƙarshen mako, abin da ba ta yi a da. Ta daina cewa, "Mama, ni ce, Pula," maganar da ke sa tsohuwar ta firgita tana neman wurin ɓuya. In ta shigo sai ta ce, "Segomotso, ya aiki?" Rakgadi ta ce, "Af, sabuwa, kin zo?" Su yaye gadajen gidan duka, ko da jiya aka canza, su shimfiɗa, suna hira. Ta nan Pula ta ji abubuwan da ba wanda ya taɓa ji: baƙon da ya zo da aku a ɓoye cikin akwati, cikin da Rakgadi ta yi ɓari tana tsakiyar aiki ta koma washegari, wani mai girki da ya so ta, ta ce masa ita matar aure ce, ta kwana uku tana kuka. Wani labarin Pula takan ba ni a ɗakin girki tana dariya. Wani kuma sai in ga ta fita bayan gida ta tsaya wajen kaji.

Na taɓa tambayar ta ko ta huce.

"Ntsala, ke da son a rufe magana kamar darasin aji," ta ce. "Matar nan tana burge ni. Da tare muka yi aiki, da ƙawata ce. Uwata kuwa har yanzu ba ta zo coci ba."

Rakgadi ta rasu a tsakiyar Yuli, lokacin da sanyi ke tsananta a ƙasarmu, da hantsi, a kujerarta ta baranda. Ciwon ƙirji ne na 'yan kwanaki. Wajen jana'iza tsofaffin abokan aikinta suka zo mota guda, suka tsaya gefe ɗaya suka yi mata waƙa. Dangin Rra-Pula suna tambayar juna su wane ne waɗannan.

Da Disamba ta zagayo Rra-Pula ya aiko a kira ni, ya ce in kai shi Kwari. Pula ba ta zo gida ba a shekarar, tana bakin aiki har bayan sabuwar shekara. Ko ita ta nema, ko su suka sa ta, ban tambaya ba. Muka shiga motar haya mu biyu. Ya ce ba ya son na bakin tafki, ba ya son mai ginshiƙai, Tsohon Otal kawai. Muka zauna a zauren, na sayo masa shayi. Na ce ko zai hau sama ya ga benen, ga lifta nan. Ya girgiza kai.

"Ba ta taɓa gayyata ta ba," ya ce.

Ya zauna yana kallon masu shiga da fita da akwatunansu, yana gaisawa da duk ma'aikacin da ya gane uwarsa ko ubansa. Wayata ta yi ƙara, Pula ce, tana tambaya ko ya sha maganinsa kuma ko mun ci wani abu. Na ce mun ci. Ta ce kar in bar shi ya sha sukari da yawa, ana kiran ta, ta kashe. Ya shanye shayinsa, ya ce in miƙo masa sandarsa mu kama hanya tun hadari bai haɗu ba, bai rufe kaji ba.